Ranar da na manta ban saita agogon tsayi ba

Ni dai tun ina sakandare jirgin sama ya shiga raina, kuma ba wanda ya koya min komai. A tsohuwar laftof ɗin yayana na samu manhajar koyon tuƙi, na dinga kallon bidiyo ina gwadawa, har na iya sauke jirgi da agogunan gaban matuƙi kaɗai. Da na ce wa Babanmu makarantar tuƙin jirgi nake so, sai ya ce wasan kwamfuta daban, aiki daban. To yana da amini a unguwar Federal Low-Cost, Baffa muke ce masa, a hasumiyar filin jirgi, inda ake ba matuƙa umarni, ya yi aiki har ya yi ritaya. Babanmu ya ce in Baffa ya ga alamar zan iya, zan cike fom. In bai gani ba, sai karatun jinya.

Wata Asabar na shiga keke napep daga unguwarmu Hammadu Kafi, laftof a cinyata. Na tarar da Baffa a baranda ya jera murafun kwalba shida a kan tabarma.

"Waɗannan jirage ne, kowa na jiran sauka. Ke ce mai tsatsar nan."

"Haba Baffa, duk a rasa wanda za a ba ni sai mai tsatsa?"

"Daidai ke kenan. Sa mana hadari da ruwa a manhajar."

Shi ne hasumiya, ni matuƙiya. Ya faɗa, in maimaita. Abin da ya kamata ku sani shi ne, agogon tsayi da nauyin iska yake aiki, kuma nauyin nan yana canzawa da yanayi. Shi ya sa kafin sauka hasumiya ke ba ka lambar ranar ka saita. Baffa ya ba ni lambar, na maimaita tsaf, amma hannuna bai taɓa agogon ba. A gida, ko da agogunan nake sauka, kullum sararin sama tas nake zaɓa don in ga gari, ban taɓa buƙatar canza ta ba.

Ina cikin gajimare, ba na ganin komai sai fari. Agogo ya ce ina daidai inda aka ce in tsaya. Sai na lura ɗaya na'urar, mai auna tazarata da ƙasa kai tsaye, lambarta ta yi ƙasa sosai. Baffa murafunsa yake kallo, ba allo ba, da na gyara a ɓoye ba zai sani ba. Wallahi na yi tunanin hakan. Amma na ƙara wa injin wuta na ɗaga hancin jirgin.

"Hasumiya, na fasa sauka. Ban saita agogona ba, ina ƙasa da inda kuka ce."

Bai ko ɗago ba. Ya matsar da murfi biyu gefe, ya mayar da ni ƙarshen layi. A zagaye na biyu na sauka, da ɗan tsalle.

Nan take ya kira Babanmu a waya.

"Alhaji, 'yarka saura kaɗan ta sauka a gonar mutane."

Na sunkuyar da kai.

"Amma ita ta faɗa da bakinta, ban tambaye ta ba. Na sha fama da manya da ba sa iya wannan. Bar ta ta cike fom ɗin. Ta riƙa zuwa duk Asabar, akwai gyara da yawa."