Illo Gajere da Maɓallin da Na Ce Bai Kai Kuɗinsa Ba

Ranar Litinin, 14 ga Afrilu 2025, tsakiyar watan Shawwal, bayan azahar kaɗan, Allah ya karɓi ran Illo Gajere a kasuwar Gidan Alamin, gabas da Kanan-Bakashe. Ina zaune ƙofar gidana a Mayahi aka kira ni ta salula. Maƙwabcinsa ne, wanda ake ce wa Na Allah, yana magana yana kuka, sai da na ce ya maimaita. Daga Ubangiji muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Bakina ya faɗi haka nan take, amma zuciyata ba ta bi bakin ba sai bayan kwanaki.

Illo, shekara ashirin da shida na yi ina majo, babban ma'aikacin jinya, a likitar ƙauye kafin in yi ritaya, na raka gawa ba adadi, ban taɓa zama na rubuta wa kowa ta'aziyya ba sai kai. Akwai magana tsakaninmu da na kasa faɗa a zaman makoki. Ka yi mini tambaya, na ba ka amsa, kuma amsar nan tana cikin abin da ya kwantar da kai. Na san ajali ba ya jiran shawarar majo. Na sani sarai. Sanin bai hana ni juya maganar ba safe da yamma.

Ka tuna haɗuwarmu ta farko? Sabon zuwa nake, moto, wato babur, ya kafe mini cikin rairayi, mansa na asansi ya kusa ƙarewa, ban ma san inda na dosa ba. Ka fito daga bayan shanunka da sanda a kafaɗa, ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Kai kaɗo, wa ya ce maka ƙarfe na tafiya a nan?" Ka ɗora moton a amalanke, Hassana matarka ta dama mini fura da nonon da ban ƙara shan irinsa ba. Na zaro kuɗi, ka ɓata rai kamar na zage ka. Tun ranar ba ka daina ce mini kaɗo ba, yadda ku mutanen ruga ke kiran irinmu 'yan gari, ni ma ban daina zuwa rugarka ba.

Abin da aka fi sanin ka da shi habbanaye ne. Mutum ya rasa dabbobinsa, sai ka ja karsana ka ɗaure masa a ƙofar gida. Za ta zauna wurinsa har ta haihu sau uku, 'yan maruƙan nasa ne, sannan ya maido maka uwar. Kafin nan ba a tambaya, ba a ko leƙawa da idon mai abu. Shekarar da rani ya cinye wa Na Allah shanunsa kaf, ya zauna ba ya ko fita masallaci don kunya, kai ne ka je da jar karsana ka ce masa wai ta dame ka da rigima, ya taimake ka ya riƙe ta. Haka kake yin alheri, sai ka mai da kanka mai neman taimako. Lokacin da ka rasu, shanunka bakwai suna gidaje bakwai, waɗanda ke hannunka ba su kai haka ba.

Shekara tara ke nan da na gwada jininka na ce maka ciwon suga ne. Ka riƙe allurar insulin yadda ko 'yan lakwal masu ilimin boko ba su riƙe ta ba. Hassana na adana kwalbar cikin 'yar tukunya a jiƙaƙƙen rairayi saboda zafi. Matsalar jama'a ce. Duk inda ka zauna sai an miƙo maka shayi mai suga har ya yi kauri, kai kuma ba ka iya ƙin abin hannun mutum. Sai na bi ƙauyuka ina faɗa: kowa ke son Illo, kada ya ba shi suga. Na faɗa a masallaci, na faɗa a bakin rijiya, na faɗa a wurin suna. Suka ji, wallahi suka ji.

Shekaru biyun ƙarshe ciwon ya sake hali. Da, in sugan jininka ya yi ƙasa, zufa da rawar jiki ke gaya maka, sai ka jefa dabino baki. Daga baya ya daina sallama. Sau biyu Hassana na tsintar ka bayan garke kana magana ba kai ba gindi. Shi ne Sirajo, ɗanka mai gyaran mota a Maradi, ya zo da wani abu fari mai kama da maɓallin riga, guda biyu. Ana manna shi a dantse, yana auna suga dare da rana, in ya fara sauka sai salula ta yi ƙara. Kowane ɗaya sati biyu yake yi, sai a cire a yar.

Watan nan ne na ga ka koma Illon da. Sau biyar salular ta yi ƙara, sau uku a ciki ba ka ji komi a jikinka ba. Ka zo har Mayahi ka ɗaga mini hannun riga kana dariya. "Majo, abin ga ya hi ka iya aiki, kuma shi ba ya hwaɗa."

Sai maɓallan suka ƙare. Kowane ɗaya jika talatin da biyar, wato sefa dubu talatin da biyar, daga Yamai ake aiko shi. Sirajo ya yi iyakarsa, ba zai iya ƙari ba. Ga kuma ɗiyarka Mardiya, ita ma an fara yi mata allura tana da shekara sha bakwai. In za ka ci gaba, saniya uku ko huɗu za su tafi kowace shekara, waɗanda ke gida kuwa su ne nonon iyali. Hanya ɗaya ta rage, ka bi gidaje bakwai ka kwance shanun habbanaye kafin wa'adinsu. A wurinku wannan abin kunya ne da ake faɗa wa jikoki.

Ranar da ka zo da tambayar ba ka yi dariya ba. Ka ce, "Majo, hwaɗa mini tsakaninka da Allah. Abin ga ya kai kuɗinshi?"

Na ɗauki biro na yi lissafi a bayan tsohuwar ordinansi, takardar magani. Na ce bai kai ba, Illo. Ka riƙa huda yatsa kana auna suga safe da yamma kamar da, ka riƙe dabino a aljihu, ya isa. Na ga kafaɗunka sun sauka, ka sauke numfashi. Amsar da kake so ke nan, kuma na san ita kake so tun kafin in buɗe baki. Ban auna ranka ba ranar nan, kunyarka na auna. Na kuma ji daɗin cewa na sauƙaƙa wa abokina.

Wata biyar bayan haka ka yi allurarka da safe, ka kurɓi fura kaɗan, ka taka zuwa kasuwa sayen kanwar shanu cikin zafin bazara. Ka sake riga saboda kasuwa, dabinon yana aljihun wadda ka tuɓe. Da rana ta take ka zauna gindin gawo kusa da mai shayi, harshenka ya fara karyewa. Mai shayin baƙo ne, bai san ka ba. Ya ga dattijo ya galabaita, ya haɗa kofi ya zuba suga ya miƙo. Na Allah ya riƙe masa hannu. "Kada ka ba shi! Ciwon suga gare shi, Majo ya hana." Mutum biyar suka goyi bayansa, dukansu masoyanka. Suka yi maka fifita, suka yayyafa ruwa, suka tofa addu'a, wani ya ruga neman amalanke. Kofin nan yana ajiye a kan teburi har ya huce.

Wayyo Illo! Da ka sha rabinsa, da ka tashi ka sayi kanwarka. Shekara tara ina koya wa ƙasa guda rabin magana. Ɗaya rabin, cewa akwai lokacin da suga ne kaɗai magani, kai da Hassana kawai na gaya wa. Da maɓallin na dantsenka, da salular ta yi ƙara tun kana kan hanya, tun kana da wayon cewa a ba ka.

A zaman makoki Na Allah ya ja ni gefe ya ce, "Majo, mun yi daidai ko?" Na ce kun yi iyakar ƙoƙarinku. In an karanta maka wannan takarda, Na Allah, ka sani hannunka ne ya tare kofin amma bakina ne ya hana. Kada ka ɗauki kayan da ba naka ba.

Tun daga nan masu ciwon nan na zuwa suna tambaya ta ko su nemi maɓallin. Me zan ce? Yana aiki, na gani da idona. Amma an yi shi ne don mutumin da albashinsa ke zuwa kowane wata, ko wanda wani asusu ke biya masa. Mu nan muna da mai raba allurar yini ɗaya ta kai shi yini biyu. Wanda ya saya zai ci gidansa ya ƙare, sannan ya koma inda ya fito. Wanda bai saya ba yana yawo da ransa a aljihun riga. Ban ga wata hanya ta uku ba, kuma ban ga alamar tana tafe ba.

Ranar sadakar bakwai, ba wanda ya aika, gidaje bakwai suka iso kowa da igiya a hannu. Suka ɗaure shanunka a bayan rugar suka zauna. Jar saniyar Na Allah na cikinsu, saura haihuwa ɗaya wa'adinta ya cika. Da jama'a suka ragu Mardiya ta zo ta durƙusa gabana.

"Baba Majo, Sirajo ya ce a sai da su a saya mini maɓallin. Za su kai ni shekara nawa?"

Na ce biyu, in kasuwa ta yi kyau.

"Bayan nan hwa?"

Na dubi shanun, na dubi ƙasa. Na ce mata ta bari in yi tunani.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanka Illo, Ka yalwata masa kabari, Ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da gidajen da ba nasa ba. Ka sa habbanayensa ta riga shi isa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hassana, da Sirajo, da Mardiya, da dangi na Kanan-Bakashe da Tasawa, da gidaje bakwai da suka rasa wanda ke rufa musu asiri. Allah ya ba ku haƙuri, ni kuma ku yafe mini.

Jibi Hassana za ta kawo Mardiya Mayahi su ji abin da na yanke. Na yi tunanin, Illo. Amsa biyu ce kawai a hannuna, wadda na ba ka, da wadda za ta ƙare cikin shekara biyu. Allah ya jiƙan ka, abokina.