Fayil ɗin da Ba Shi da Uwa

A gidan rediyon ba wanda ke kiranta da sunanta na yanka. Anti Na-Waye suke ce mata, har shugaban tashar, saboda ba ta goge komai a kwamfuta sai ta fara tambayar na waye.

Da can ba aikinta ba ne. Shekara tara ta yi tana buga takardu a ofishin gaba, kusa da tagar da ba ta rufuwa sosai. Injiniyan tashar, wani dattijo mai sanyin murya da kowa ke kira Baba, shi ya lura cewa idan firinta ta ƙi aiki ba ta kiran kowa, sai ta buɗe ta da kanta. Ya fara koya mata kaɗan-kaɗan lokacin hutun rana. Abin da ya fara nuna mata shi ne kowace manhaja a ƙunshi take zuwa, kuma na'urar tana ajiye jerin fayilolin kowane ƙunshi. Ka rubuta umarni gajere, ka sa sunan fayil, sai ta faɗa maka ƙunshin da ya kawo shi. Da Baba ya yi ritaya, aka ba ta kujerarsa da makullan ɗakin na'urori da fankarsa mai ƙara.

Halin ya bi ta har gida. Maigidanta, direban bas, yakan ce ko cokali ya ɓato gidansu daga maƙwabta, sai ya sha tambayoyi kafin a bar shi ya kwana.

Wata Talata babbar kwamfutar ɗakin shirye-shirye ta cika, ta koma tafiyar hawainiya. Dogo, mai karanta labarai, ya faɗo mata ofis yana haki.

"Anti, na kama ɓarayin! Fayiloli uku ne masu suna wani iri. Ki goge su kawai mu huta."

"Zauna tukun, ƙanena. Bari mu ji ta bakin na'ura."

Ta tambayi na'urar na waye fayil na farko. Na ƙunshin sauti ne.

"Da mun goge wannan, yau da hannu za ka yi wa masu sauraro labarai."

Na biyu na manhajar agogo ne. Da ta tambayi na uku, na'urar ta ce babu ƙunshin da ya san shi.

"Kin gani ko?" in ji Dogo. "Ba uwa, ba uba. Cuta ce."

Ba ta goge ba, sai ta buɗe shi. Layi ashirin ne kacal, kuma tun a layi na biyu ta ga alamar hannun Baba, domin shi kaɗai ke jera rubutu da wannan tsafta. Ta gane cewa duk ranar Juma'a fayil ɗin yana kwashe wani abu ya kai wani wuri, amma ba ta gane ina ba. Ta share tarkacen tsofaffin gwaje-gwaje, kwamfuta ta samu numfashi, ta bar marayan inda yake.

Ranar Asabar maigidanta ya sauke ta a bakin layin su Baba. Ta same shi a tsakar gida, ya baje cikin wani dutsen guga a kan tabarma. Bayan gaisuwa ta miƙa masa takardar da ta buga. Ya gyara tabarau, ya karanta, ya fashe da dariya har da tari.

"Kai, 'yata, ashe yana nan da ransa! Ni na rubuta shi, na manta ban gaya miki ba."

Ya ce wata shekara faifan ajiyar kwamfuta ya lalace, shirye-shiryen wata takwas suka tafi, ya yi kwanaki ba ya jin daɗin abinci. Shi ne ya rubuta wannan don ya riƙa kwafe shirye-shirye zuwa wata ƙaramar na'urar ajiya, wadda ya ɓoye a bayan kabad ɗin ƙarfe na ɗakin na'urori, don kada a cire ta a yi wani aikin da ita.

"Baba, ai ka ɓoye ta har ga mai gadonka."

"Tsufa ne. Ki yafe mini."

Da safiyar Litinin ta sa aka ja kabad ɗin. Ga na'urar nan, ƙura ta rufe ta, fitilarta na ƙyaftawa. Muryoyin shekara goma sha ɗaya ne a ciki: hira da ungozomomi da masunta da malaman makaranta, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Ta daɗe a tsugune tana sauraro.

A makon ta haɗa wa fayil ɗin ƙunshi nasa, ta sa bayanin aikinsa, ta nemi a sayo na'urar ajiya ta biyu, aka sayo. A cikin tone-tonen ta ci karo da ranar farko da Dogo ya karanta labarai, muryarsa na rawa, ya gaishe da masu sauraro sau uku. Ya roƙe ta, ya haɗa ta da girman Allah kada ta kunna wa kowa. Ta yi masa alkawari, kuma ta cika, amma har yau in suka haɗu a baranda sai ta gaishe shi sau uku.