Malam Dakata, Mai Sauraron Ƙwaƙwalwa

Haihuwa da karatu

An haifi marigayin, wanda ɗalibai suka laƙaba wa suna Malam Dakata, a shekarar 1949, a wani gari na bakin layin dogo. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa kuwa ungozoma. Ya kammala digirinsa a 1974, sannan ya ƙware a nazarin ƙwaƙwalwa.

Aiki

Daga 1979 ya duƙufa kan tambaya guda: yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu na ɗan lokaci bayan ido ya daina ganinsa. A ɗakin gwajinsa marar taga akan haska wa ɓera fitila a kan wata ƙofa, a kashe, a jira, sannan a sake shi ya nemo ƙofar. Wata siririyar waya ke kai motsin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓeran zuwa lasifika, sautin kamar yayyafi a kan kwano. Ya lura cewa wannan ƙwaya kan yi ƙara ta miƙa wa waccan bi da bi, kuma tarin mutum ɗaya ya isa ya tsinke jerin. Saboda haka, da zarar fitila ta mutu, yakan ɗaga yatsa kowa ya yi tsit.

Aure da iyali

Ya yi aure a 1981, yatsan kuma ya biyo shi gida. Maiɗakinsa kan yi masa tsiya cewa ɓerayen ofis sun fi ta sanin muryarsa. Bayan rasuwarta a 2003, yaran suka kama gabansu, ya saura shi kaɗai da wannan shirun, yana damunsa, bai san ta inda zai warware shi ba.

Shekarun ƙarshe

A 2016 ciwon mantuwa ya kama shi. Duk ziyarar da yaran suka kawo yakan fara, “Yarana, ina so ku...” sai ya ɗaga yatsa yana laluben sauran. Su kuwa, bisa tarbiyya, su yi shiru har maganar ta ɓace masa. Sai a 2021 autarsa ta kama yatsan ta sauke, ta riƙa maimaita masa farkon zancen har ya ƙarasa: “Ku yi magana mana. Gidan nan ya yi shiru da yawa.”

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa a ƙarshen shekarar 2021 ɗin, aka yi masa sutura aka binne shi kusa da maiɗakinsa. Ya bar 'ya'ya uku: babban ɗansa, injiniyan ruwa; mai bi masa, malamar lissafi; sai auta, tela, wadda ta zauna gefensa tana ba shi labari har ya cika.