Rabin Allon Ɗana Na Fari

A Damagaram inda na tashi, mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗansa na fari, kuma a wajenmu ana jin kunyar ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, ba a zama da shi tabarma ɗaya. In yana da magana da ni sai ya gaya wa ƙanensa, baffan nawa ya same ni a zaure ya isar. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Yau kuwa a Yamai sai in ga uba ya goyo ƙaton ɗansa a moto, wato babur, suna tafe suna ƙyalƙyala dariya, ba wanda ya waiwaye su.

Na yi aikin tafinta shekaru masu yawa. Na zauna Alƙahira, na zauna Dakar, na sha sanyi a Liyon can Turai. Na ga Balarabe ya rungume ɗansa a tasha yana kuka, na ga Bafaranshe yana gardamar siyasa da nasa a kan abinci. Na gani kuma na fahimta. Amma da na haifi nawa, yadda aka yi mini haka na yi masa. Uwarsa ma ta fi ni jin kunyarsa. Yayata ce ta raine shi, ita ce bakinmu a wajensa, ita ce bakinsa a wajenmu, har ranar da Allah ya karɓi ranta. Daga nan magana ta rasa hanyar bi a gidanmu.

Shekarar da aka rufe projen, wato shirin tallafin da yake wa aiki, sai ya saki gidan hayarsa ya dawo wajenmu a unguwar Dar es Salam nan Yamai, namiji mai gemu, ya koma ɗakin da ya bari yana saurayi. Ya sayar da kujeru da firji da motonsa. Abu ɗaya ya riƙe: allon ordinater, wato kwamfuta, wanda su suke kira ekran. Ban taɓa ganin irinsa ba a duk ofisoshin da na shiga. Ba shi da tsayi sosai, amma faɗinsa ya cinye teburin gaba ɗaya, ga shi a lanƙwashe kamar gefen kwalekwale. In na wuce ƙofarsa za ni masallaci sai in hango shi zaune, riƙe da sitiyarin roba, yana tuƙa babbar motar kaya a cikin allon. Wasa ne. Hanya ta miƙe a gabansa, madubin hagu a wannan ƙarshen, madubin dama can a wancan ƙarshen, kamar da gaske yana cikin kan mota. Haka yake yini yana kai kayan ƙarya garuruwan Turai.

Ni kuma ban bar aiki duka ba. Ana kawo mini takardun wayar da kai a kan iri da rigakafin dabbobi, in mayar da su daga Faransanci zuwa Hausa da Zabarmanci. Tun da aka cire mini yana a ido ɗaya, ƙaramar ordinater tawa ta zame mini azaba. Autata, wadda na sa wa sunan mahaifiyata nake kiranta Uwata, ita ta roƙar mini allon a wajensa. Da safe in ya fita neman aiki sai in shiga ɗakin. Faransanci a hagu, Hausa a tsakiya, ƙamus a dama, haruffa manya kamar ƙwayar wake. A da sai na baza takardu a tabarma ina rarrafe a tsakaninsu. Yanzu wuya kawai nake juyawa. Kafin azahar nake fita, in gyara masa kujera yadda na same ta.

Wata ranar Litinin Uwata ta zo daga gidan mijinta, ta same ni ƙarƙashin itacen bedi a tsakar gida. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Baba, ka san Yaya zai tafi?"

"Ina?"

"Arewa. Agadas, daga nan sai abin da Allah ya yi. Ya sami mai sayen ekran ɗin, wani mai ɗakin wasanni a Harobanda, can hayin kogi. Ran Juma'a bayan masallaci zai zo ya ɗauka. Kuɗin motar ke nan."

Na taɓa bin wannan hanya ta hamada da ayarin aiki, da motoci masu lafiya da ruwa isasshe, duk da haka na ga abin da ban so gani ba a gefen hanya.

Na ce, "Ki gaya masa..."

"A'a, Baba. Ni ba Gwaggo ba ce. Na yi masa magana, ya ce in je in kula da miyata. Kai da ka yi wa manya tafinta, harsuna cike da bakinka, ɗanka ɗaya ya gagare ka?"

"Uwata, ki iya bakinki."

"In ni uwarka ce, to ka ji maganata mana."

Na yi tunanin in saye allon da kaina, sai na ga kuɗin motar ne zan miƙa masa da hannuna. Na yi tunanin in aika limamin unguwa, sai na tuna yaron zai durƙusa ya ce to, ya kuma yi abin da ya ƙudurta. Ba abin da ya rage sai ni.

Washegari bayan la'asar na ɗauki ƙaramar ordinater na tsaya a ƙofarsa. Ban taɓa shiga ɗakin yana ciki ba. Na yi gyaran murya, na kalli bango, na ce, "Aikin nan ana jiran sa. Safiya ba ta isa."

Ya miƙe da sauri zai bar mini ɗakin.

Na ce, "A zauna. A ci gaba."

Ya tsaya yana kallon ƙasa. Can sai ya buɗe akwatin tebur ya ɗauko wata waya, ya haɗa ordinater tawa da bayan allon, ya latsa wani abu a ƙasansa. Allon ya rabu biyu. Hagu takardata, dama motarsa. Ya jawo kujera ta biyu ya ajiye. Teburin ba shi da wurin da za a ba da tazara, saboda haka da na zauna kafaɗata ta kusa taɓa tasa. Na ji ƙanshin sabulunsa. Na ga furfura guda a gefen kunnensa, ban san yana da ita ba.

Rabin da ya ba ni ya ci masa madubin hagu. Hanya ta matse, ba ya ganin abin da ke zuwa ta gefen. A wani shataletale ya goge wata ƙaramar mota, ya ja tsaki, sannan ya tuna ina nan ya haɗiye sauran. Ni kuma na kafa ido a kan layi ɗaya game da ciwon huhun shanu, na karanta shi har na daina gane Faransanci.

Wani allon hanya ya wuce a ɓangarensa. Na ce, ina kallon gabana, "Wannan hanyar an san ta. In aka wuce gadar nan akwai rami mai tsawo cikin dutse."

Ramin ya zo. Ya ce, shi ma yana kallon gabansa, "An taɓa bi?"

"An bi. Cikin motar wani Balarabe mai sayar da darduma. Bai daina waƙa ba har muka fita."

Ya yi ƴar dariya ta hanci. Iyakar abin da muka ce ke nan ranar.

Laraba na koma, Alhamis na koma. Na gane cewa in mutum biyu suna kallon abu ɗaya, magana tana fita da sauƙi, don ba wanda zai ɗaga ido. Na ba shi labarin dusar ƙanƙara, ya nuna mini yadda ake ja da baya da tirela. Uwarsa ta kawo kunun zaƙi, ta tsaya a ƙofa tana kallon bayanmu, ta ajiye ta juya. Amma maganar da ta kawo ni ba ta fito ba. Sau da yawa na shirya ta, da Hausa, da Faransanci ma, wai ko za ta fi sauƙi a harshen da ba na kunya ba. In ta iso baki sai ta koma. Ranar Alhamis da zan fita na ga kwalin allon an fiddo shi daga ƙarƙashin gado, an kakkaɓe, an jingine shi a bango.

Juma'a zafi ya yi tsanani. Muka dawo masallaci, kowa ta hanyarsa kamar kullum. Na same shi ya fara naɗe wayoyi.

Na ce, "Saura shafi ɗaya."

Ya dube ni ta gefen ido, ya mayar da wayoyin. Muka zauna. A cikin wasan ya ɗauki kaya daga wata tashar jirgin ruwa, na buɗe shafin da na riga na gama tun jiya. Ina jin kowane moto da ya wuce a layinmu. Hannuna yana kan maɓallai, ba na rubuta komai.

Sai aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Fanka ta yi ta juyi a hankali har ta tsaya. Allon ya yi baƙi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kuma a cikin baƙin na ga mu biyu, dishi-dishi, kafaɗa da kafaɗa: tsoho da hula, da wani mutum mai irin goshina. Yana kallona a cikin gilashin, ina kallonsa. Ba hanya, ba takarda, ba inda za a kai ido.

Wayarsa ta salula ta yi ƙara. Ya ɗauka. Na ji muryar mai sayen allon yana cewa ya haye gada, yana nan tafe.

Ya ajiye. Na kira sunansa.

Sunan ya fito mini kamar kalmar baƙon harshe da na sani a rubuce ban taɓa furtawa ba. Ya juyo gaba ɗaya. Ni ban iya juyawa ba, na ci gaba da kallon gilashin.

Na ce, "Kada ka tafi."

Ya mayar da ido kan gilashin. Sannan ya ce, "Waccan mai bakin ce ta faɗa."

"Ita ce."

"Baba, in zauna in yi me? In tuƙa motar ƙarya har gemuna ya yi fari? Abokaina suna aiko wa iyayensu, ni ana ajiye mini kunu a ƙofa."

"Ban sani ba. Ba ni da aikin da zan ba ka."

"To?"

"Na ga hanyar nan da idona. Ba zan ce don uwarka ba, ba zan ce don ƙanwarka ba. Ni ne ba zan iya ba. Ba zan iya zama a gidan nan ina jiran wani baƙo ya kira ni a waya ba."

Gumi yana bin wuyansa. Muna nan a haka aka yi sallama a ƙofar gida.

Mutumin ƙaƙƙarfa ne, da hular kwano a hannu, ya fara da gaisuwar Zabarmanci. "Fofo, Alhaji! Ina gajiya? Kai, wannan rana ta Yamai sai ta dafa ƙwai a aljihu." Ya shigo ɗakin ya shafa gefen allon kamar mai duba rago. "To, a kunna in gani."

Ɗana ya ce, "Ba kuran."

"Ni fa ba na sayen abu a mace, abokina. Na taɓa yi, na kai gida na tarar da layi a tsakiya kamar an tsaga shi da reza. Mu jira."

Ya zauna a bakin gado. Muka jira, mu uku, cikin ɗakin da ba iska. Mutumin yana ta zuba: yadda samari za su yi layi a ɗakinsa don wannan allo, yadda zai sa shi a tsakiya ya kewaye shi da fitilu. Ina amsa masa da to, to. Ɗana kuwa yana murza wayar da ke hannunsa. Ban san abin da ke ransa ba. A raina ina roƙon kada wutar ta dawo, ina kuma sane cewa in ba ta dawo yau ba za ta dawo gobe.

Fanka ta motsa. Wani yaro a maƙwabta ya yi ihun an kawo. Ɗana ya sunkuya ya kunna, muka jira na'urorin suka tashi, allon ya haska a rabe kamar yadda muka bar shi, ɓangarena da ɓangarensa.

Mutumin ya tafa hannu. "Kai! Har biyu yake yi? Alhaji, kai ma kana bugawa ke nan? To, a kawo kwali."

Ɗana ya dubi kwalin. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce, "Ka yi haƙuri. Na fasa."

"Ka fasa? Na hayo gada cikin wannan rana, ka ce ka fasa? In ƙari kake so ka faɗa, kada ka yi mini wasan yara."

"Ba ƙari ba ne. Tsohona yana aiki da shi."

Mutumin ya fita yana faɗa da Zabarmanci a kan mai da ya ƙona da mutanen da ba su da magana ɗaya. Na raka shi ƙofa ina ba shi haƙuri. Da na dawo na tarar ɗana ya kifa kai a kan tebur. Na tsaya kaɗan, na fita na ja masa ƙofa.

Bai tafi ba. Ba zan ce komai ya gyaru ba: aikin da yake so har yau bai samu ba, sai ƴan ƙananan ayyuka da yake yi wa masu buga takardu, kuma akwai ranakun da ba ya son ganin kowa. Wani lokaci yakan ce ni na tare masa hanya, ya faɗa da ƙarfi har uwarsa ta ji daga madafa ta toshe kunne. Nakan mayar masa, wani lokaci in yi nasara, wani lokaci ya kayar da ni. Ɗana na fari yana gardama da ni yanzu, ido cikin ido, kuma haka za mu zauna har ƙarshen kwanana.