Ranar da Na Kulle Dattawan Cocinmu

Ko tsufa ya kwashe mini komai a kai, ba zan manta ranar da na sa wa dattawan cocinmu kwaɗo ba.

Mu 'yan Katolika ne, gidaje kaɗan a wani ƙauye kusa da Zakka. Sauran gari Musulmi ne, yawancinsu ma danginmu. Shekara guda cur cocinmu ba shugaba tun da tsohon ya rasu, saboda mutum biyu sun kafe: maigidana da ɗan baffansa. Fada, limaminmu na Katolika wanda ke zuwa mana sau ɗaya a wata, ya gaji da sulhu. Ya ce in ya dawo bai tarar da shugaba ba zai rufe cocin, mu riƙa tafiya Safana ibada. Ni surukata ce ta tsaya mini a rai, tsohuwar da ko bakin rijiya ba ta iya kaiwa.

A makon ne aka zaɓi sabon Fafaroma. Muka yi cincirindo a kan wayar katekis, malamin cocinmu, muna kallon hayaƙi na fita ta saman rufi a birnin Rum. Ya ce rufe manyan coci ake yi sai sun daidaita a kan mutum ɗaya: baƙin hayaƙi da saura, fari an samu. Ni kuwa bakina ba linzami, na ce, "Ashe abin ba wuya! Mu me muka rasa, kwaɗo ko hayaƙi?"

Ranar Asabar da hantsi mu mata muka kora dattawa bakwai cikin coci. Muka ba su kaskon wuta, da guntun tsohuwar taya don baƙi, da ɗanyen ganyen bedi don fari. Na datse ƙofa, na ƙulle makullin a bakin zane. Maigidana ya leƙo ta taga ya ce, "Ke, tuwo fa?"

Na ce, "Maigida, tuwo na bayan farin hayaƙi."

Abu biyu muka manta. Can Rum suna da bututun hayaƙi, mu taga ɗaya gare mu. Sannan ba wanda ya gaya wa maƙwabta.

Ana idar da azahar sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe, dattawa na tari suna dukan ƙofa. Wani ya kwarma, "Gobara a coci!" A wannan zamani da kowa ke zaune a tsorace, kafin ka ce kwabo masallaci ya watse. Liman ne a gaba, ya tattare riga, bokiti a hannu. Ni kuma ƙullin zane ya ƙi kwancewa. Aka yi ta sheƙa ruwa ta taga, wani ya ɓalle ƙofar da taɓarya. Sai ga maigidana da ɗan baffansa sun maƙale a bakin ƙofa, kafaɗa da kafaɗa, kowa na son riga wani fita. Abin da suka shekara suna yi ke nan.

Na ƙarshen fitowa cikin su bakwai ɗin shi ne mutumin da ke share mana coci, wanda ba a taɓa kawo sunansa a zancen shugabanci ba. Ya fito goye da wani dattijonmu makaho.

Da katekis ya yi bayani, liman ya yi dariya har ya zauna a kan bokitinsa. Ya share hawaye ya ce, "To Malam, shi Fafaroman mene ne aikinsa? Yana da sojoji?"

Katekis ya ce, "Allah gafarta Malam, sai 'yan masu gadin ƙofa. Uba ne. Ya haɗa kan 'ya'yansa, ya tsaya wa marar gata ko namu ne ko ba namu ba. Bawan bayin Allah ma ake ce masa."

Liman ya nuna da haɓa. "In haka ne, me kuke ƙona taya? Ga shi can yana yi wa makaho fifita."

Maigidana, ruwa na ɗiga daga gemunsa, shi ya fara ɗaga hannu a zaɓi mai sharar, ɗan baffansa ya bi. Gaskiya ban taɓa jin son maigidan nan nawa kamar ranar ba, ko da yake kwana uku ya yi ba ya kula ni saboda kuɗin ƙofa da tarin da ya kwasa.

Farin hayaƙin a fili muka tayar da shi, liman da kansa ke hura wutar da faifai. Cocinmu ba a rufe ba. Surukata ta ci gaba da zuwa da sandarta kowace Lahadi, har Allah ya karɓi abinsa.

Tun ranar na gane, daga Rum har ƙauyenmu, in ana neman shugaba kada a dubi masu rige-rigen fita. A jira a ga wanda ya fito ƙarshe, da wanda ya goyo.