Gwangwanin alewa a jirgin Birmingham

Da sikila aka haife ni, amma a shekarata ta farko a Manchester ko 'yan ajinmu ba su sani ba. Ƙwayoyin kashe raɗaɗin da asibiti ke rubuta min masu ƙarfi ne, sai na riƙa juye su cikin gwangwanin alewa don kada wani ya karanta kwalin.

Bayan wani tashin ciwo da ya kwantar da ni, Yaya ta ce in bar ɗakina na Ardwick in zo gidanta a Erdington, cikin Birmingham, ta yi jinyata. Na sha magani, na hau jirgin ƙasa. Filayen suna tafiya kamar an shimfiɗa koren zane a kan ruwa, tumaki suna iyo a ciki. Na ga Inna a gilashin taga tana tankaɗen gari, alhali tana Kano. Haka na sauka, jakata tana can kan kujera.

Washegari da hantsi wata 'yar sanda ta kira. Sun tsinci jakar da lambata a ciki, sun ga ƙwayoyi babu suna babu kwali. Ta tambaya ko na yarda su tuntuɓi GP ɗina, wato likitan da ke duba ni, don su tabbatar rubuta min aka yi.

Na rufe wayar da tafin hannu. "Yaya, ashe ba sa iya dubawa da kansu?"

"Ba haka kawai ba, ƙanwata. Sai da yardarki, ko wani dalili mai ƙarfi na doka. Ke kika san abin da za ki ce."

Ciwon da nake ta ɓoyo, yau baƙuwa za ta ji shi daga bakin likita. Na ce na yarda, in dai sunan maganin kaɗai za a faɗa mata.

Da muka je karɓa, 'yar sandar doguwa ce, mai sanyin murya. Ba ta tambaye ni me ke damuna ba. Ta miƙo jakar, ta ce in riƙa barin magani a kwalinsa.

A bas ɗin komawa na kwantar da kai a kafaɗar Yaya. Mayafinta yana ƙamshin turaren wuta, yayyafi yana bin gilashi a karkace. Ta ce ta jiƙa tsamiya tun safe, kunu za ta dama min. Kafin mu wuce Aston barci ya ɗauke ni.