Tsakuwar da Na Kai wa Lawali

Shekara shida ke nan cif da muka kai ƙanena Lawali makwancinsa, wata Talata a tsakiyar bazara. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yi sadaka, in kira matarsa Rabi mu gaisa, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ishe ni. Akwai maganar da ke cina a rai, kuma na gaji da kwana da ita.

Muna yara mahaifinmu ya kawo mu Yamai daga Maraɗi. Ni na bi kasuwa, ina sayar da karo na daɓen ɗaki da fitilu. Shi ya bi lekol har ya zama mushe, wato malamin makaranta, yana koya wa yara ilimin tsirrai da dabbobi. Shekara huɗu na ba shi. Ni mai baki ne, kowa ya sani, in na shiga gida sai maƙwabta sun san na shigo. Lawali kuwa sai ka yi awa guda da shi ba ka ji kalma goma ba.

A kusurwar salonsa, ɗakin baƙi, a unguwar Dar es Salam akwai wani akwatin gilashi, tsawonsa kusan mita guda, wanda 'yan boko ke ce wa akwariyom. Kifayen ciki ƙanana ne, ba su kai ɗan yatsa ba, kuma ba su ne abin kallon ba. Lambu ne ya dasa a ƙarƙashin ruwa. Ciyawa doguwa a baya tana rausaya, gajera a gaba ta shimfiɗu, wani ɗan bado a gefe mai jan ganye, ruwan kuwa garau har kana ganin saiwa ta jikin gilashi. Shekara bakwai ya yi yana renon abin nan. Ni kuwa sunan da na raɗa masa shi ne gonar da ba a girbi.

Yadda ya haɗa shi ban sani ba a lokacin, don ban taɓa tambaya ba. Daga baya na gani a littafinsa na rubutu. Ƙasar daga Gamkalley ya ɗebo ta, wurin wani tsohon mai lambu a bakin kogi. Ya shanya ta, ya tankaɗe da rariyar Rabi, abin da ya jawo masa faɗa na kwana biyu. Ya jiƙa ta, ya tsiyaye ruwan, ya sake shanyawa, har sau uku, don ƙarfin takin ya ragu. Kaurin yatsa biyu ya shimfiɗa a gindin akwatin. Sannan ya hau moto har Tondibia ya ɗebo rairayin kogi, ya yi ta wankewa sai da ruwan ya fita fes, ya rufe ƙasar da shi kaurin yatsa uku. Saiwa ta nutsa ta ci daga ƙasa, rairayi ya hana laka tashi ta ɓata ruwa.

Babbar abokiyar gabarsa gansakuka ce, koren abin nan mai santsi da ke kama randa da bakin rijiya. A littafin ya rubuta cewa kankarewa ba ta kashe ta, haske da ragowar abinci take bi, in tsirrai sun riga ta cinyewa da kanta za ta ja da baya. Saboda haka fitilarsa 'yar ƙarama ce, awa shida ya kashe. Ya zuba kainuwa a saman ruwa don inuwa, ya saki 'yan katantanwa suna lasar gilashi. Kowace Lahadi yakan kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ya mayar da na pampo wanda ya kwana biyu a bido, wato jarka, a buɗe, warin magani ya fita. Kifayen kuwa abin da yatsu biyu suka tsinto yake ba su, ni ina cewa rowa ce.

To, wata biyar kafin rasuwarsa na dawo daga fatauci a Dubai, na shiga gidansa da buhuna uku na tsakuwa mai launi, ja da shuɗi da rawaya, da wata doguwar fitila mai hasken da ke kashe ido. Na zube su a gaban akwatin na ce, "Ga tsarabarka. Kwashe wannan laka, Lawali. Mushe guda, taɓo a cikin salo? Ranar Juma'a zan zo da baƙi mu gani."

Ya durƙusa ya ɗebi tsakuwar, ya daɗe yana juya ta a tafin hannu. Ya ce, "Yaya, ita ƙasar nan..." Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce ƙasa dai ƙasa ce, ga ta nan cike da gari. Sai ya ce, "Na gode, Yaya. Allah Ya ƙara buɗi."

Ranar Juma'a bayan masallaci na zo da abokaina biyu. Kai, abin ya yi kyau a idona! Tsakuwa sai walƙiya take, fitila ta haske salon gaba ɗaya. Na ga ciyawar ta ragu, wadda ta rage an soka ta cikin duwatsu tana tangaɗi, amma ko a jikina. Na yi ta zuba, ina cewa yanzu ne abin ya zama na mutane. Har na ce kada ya riƙa kashe fitilar, ba don a ɓoye ta na kawo ba. Lawali yana gefe yana zuba mana shayi.

Sati uku aka yi. Tsakuwa ba ta da abin da saiwa za ta ci, ganyaye suka yi rawaya suka narke, badon ya ruɓe. Ga haske wuni guda, ga ruɓaɓɓen ganye, gansakuka ta samu yadda take so. Ta kama duwatsun, ta kama gilashi, ruwan ya koma kamar miyar kuka. Haka na faɗa masa ma, wallahi. Na ce, "Na kawo maka kayan Dubai, ka mayar da su miyar kuka, saura tuwo." Ya yi dariya, ya ɗauki zane ya lulluɓe akwatin. Bai cire tsakuwar ba har ya bar duniya. A lokacin ciwon ƙoda ya riga ya kama shi, ƙafafunsa sun fara kumbura, bido ɗaya ma ya fi ƙarfinsa. Ko da ya so komawa Gamkalley da Tondibia, jikin ba zai kai shi ba.

Yau ga shi a Yamai ana sayar da ƙasar akwariyom a leda, da rubutun waje a jiki. Kwanan baya 'yata ta nuna mini wani Bature a salula yana shimfiɗa ƙasar lambu yana rufewa da rairayi, mutane sai yaba masa suke. Na ce mata, baffanki ya yi wannan tun kina goye. Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga haka. Na san shi, zai juya ledar ya karanta har ƙarshe, ya mayar inda ya ɗauka, ya yi murmushi. Ba zai ce shi ya riga su ba.

Akwatin yana gidana yanzu. Sau uku ina haɗawa da littafinsa a hannu, sau uku gansakuka tana cinye ni, don ni gaggawa ce da ni, shi kuwa haƙuri ne bai rubuta ba, a jininsa yake. Na huɗun ya shekara biyu, ciyawa ta kama, ko da yake bai kai rabin nasa ba. Ɗalibansa kuma har yanzu suna tare ni a kasuwa su ce mushe bai taɓa ɗaga musu murya ba. Abin da ya bari ke nan, kuma ba kaɗan ba ne.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ranar da na je ɗaukar akwatin, bayan sadakar arba'in, Rabi ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ta ce ranar Alhamis, jajibirin Juma'ar da na zo da baƙi, da la'asar ta same shi yana tumɓuke tsirran ɗaya bayan ɗaya. Ta ce masa, "Malam, ka san za su mutu fa. Ka gaya wa Yaya gaskiya mana." Ya ce ya sani sarai. Ya ce, "Rabi, shekara bakwai Yaya bai taɓa duban akwatin nan da idon rahama ba. Yau ya je har Dubai, cikin hidimarsa ya tuna da shi, ya shiga kanti ya zaɓo, ya yi dakon duwatsu har gidana. In ce masa ba na so?"

Rabi ta faɗa mini haka ne don ta sanyaya mini rai, in san ƙanena ya ji daɗin kyautata. Na ce Allah sarki, na sa aka ɗora akwatin a mota, na tafi.

Lawali, Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka yafe mini. Rabi, ke ma yau za ki sani tare da kowa. Ban shiga kanti ba, ban zaɓa ba, ban tuna da shi a Dubai ba. Wanda nake sarin karo a wurinsa ne ya cusa buhunan da fitilar a cikin kayana, gyara. Da aka sauke kaya na rasa wanda zai saya, suna tare mini wuri a shago, shi ne na kwashe su na kai gidan Lawali.